ƘARFI DA ƘARKO: SHARHI A KAN BINCIKEN KWAƁIN ROBA DA ZARE DA YUMƁU A MA'AUNIN DAMINAR ZAMFARA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya zauna a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya san cewa watan Agusta shi ne alƙalin magina. Idan marka ta kankama, aka wuni aka kwana ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a nan ne ake bambance katangar da aka yi wa kwaɓin kirki da wadda aka yi wa aikin ganin ido. Ruwan da ke sauka a wannan yanki a yawancin shekaru yakan kai tsakanin milimita 800 da 1,000, kuma kusan dukkansa a cikin wata biyar yake zuba. Sauran watannin kuwa na hunturu ne da bazara, lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Saboda haka duk wani abin gini da za a kawo wa mutanen nan, tilas ya iya zama da waɗannan maƙwabta biyu, watau laima da fari.

A 'yan shekarun nan sassan kimiyya da na injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan sun duƙufa a kan wani sabon abin gini. Akan sami roba, a zuba mata zaren tsiro kamar na rama, a barbaɗa garin yumɓu, sa'an nan a matse ya zama allo. Masu binciken sukan ce allon yana da ƙarfi, ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa sosai, kuma zai iya tsayawa a madadin katako da silin.

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan yadda ake gudanar da wannan bincike da yadda ake ba da rahotonsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, aikin yumɓu a cikin wannan haɗi jinkirta ruwa ne kawai, kuma gwajin da aka saba yi wannan jinkiri yake aunawa, amma sai a ba da labarinsa kamar an hana ruwan shiga ne ɗungurungum. Za a kuma nuna cewa maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan bambanci, har sun gina sana'arsu a kansa. Domin sauƙin bayani, an ari kalmar magina, watau kwaɓi, an kira wannan haɗi da ita. Kalmar roba kuwa tana nufin abin da masana kimiyya ke kira folima.

2.0 YADDA RUWA KE SHIGA KWAƁI

Kwaɓin nan kamar murhu yake, a kan duwatsu uku yake zaune. Roba ita ce uwa, ita ke rungume sauran. Zare shi ke ɗaukar nauyi idan an ja allon ko an lanƙwasa shi. Yumɓu kuwa cikawa yake yi, yana ƙara tauri. Robar iri biyu ce. Akwai wadda zafi ke narkarwa ta sake daskarewa in ta huce, kamar folitin ɗin da ake yin ledar ruwan sha da shi. Akwai kuma wadda take zuwa ruwa-ruwa, a zuba mata wani sinadari ta daskare sau ɗaya tak, kamar foliyesta da ifoksi.

Matsalar tana farawa ne daga zare. Mafi yawan jikinsa salulos ne, shi kuwa salulos ɗabi'arsa ce jan ruwa. Idan zare ya sha ruwa sai ya kumbura, kamar yadda ƙyauren katako yakan ƙi rufuwa da damina. Amma robar da ke kewaye da shi ba ta kumbura daidai da shi, don haka sai ya tunkuɗe ta, 'yan ƙananan tsage-tsage su bayyana. Idan rani ya zo zaren ya bushe, sai ya tsuke ya bar rata tsakaninsa da robar. Wannan rata illa biyu gare ta. Ta zama hanyar ruwa a damina mai zuwa, sa'an nan ta raba zare da roba, alhali kuwa ƙarfin kwaɓi duka a kan riƙon da ke tsakaninsu ya dogara. Zaren da ya saki roba ba ya ɗaukar mata nauyin kome.

A nan ne yumɓu ke shigowa. Ƙwayoyin yumɓu falle-falle suke kamar takarda. Idan suka barbazu sosai a cikin roba sai su tsaya wa ruwa a hanya, ya zama ba ya iya miƙewa sai ya yi ta kewaye, kamar baƙon da ya shiga lungunan tsohon gari. Wannan dabara gaskiya ce, kuma an tabbatar da ita. Sai dai lungu tsawaita tafiya yake yi, mai tafiya kuwa zai isa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ran da ruwan ya isa ga zare, zaren zai sha gwargwadon ƙishirwarsa, domin yumɓun da ke cikin roba bai sake halin salulos ba.

3.0 ABIN DA BINCIKEN YA CI NASARA A KAI

Kafin a shiga suka, ya kamata a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Tunanin haɗa zaren tsiro da roba tunani ne mai tushe. Daga 1957 zuwa 1991 an ƙera mota mai suna Trabant a Jamus ta Gabas, wadda aka yi fatar jikinta da ragowar auduga da wata irin roba, aka matse su da zafi, kuma wannan fata ba ta tsatsa. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na kamfanin Toyota a Japan suka nuna cewa yumɓun da bai kai kashi 5 cikin 100 ba yana iya ƙara wa robar nailan tauri da jure zafi ƙwarai, har aka yi amfani da haɗin a injin mota. Daga wannan aiki ne yawancin binciken yumɓu da roba na yau ya samo asali.

Ga mutanen Zamfara kuwa akwai dalili na musamman. Auduga da gyaɗa suna cikin abin da ya jawo layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya ratsa Tsafe da Gusau, aka kammala shi a 1929. Masaƙar Gusau da aka kafa a shekarun 1960 ta daɗe da tsayawa, amma ƙasar da ta ciyar da ita tana nan. Ana noma rama, ana samun karan auduga da na dawa da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, waɗanda akasari ƙonawa ake yi ko a bar wa dabbobi. Ledar ruwan sha kuwa ta cika kwatoci, ita ce ma ke toshe su ruwa ya koma cikin gidaje. Binciken da zai mai da waɗannan abubuwa silin ko bencin makaranta ya cancanci goyon baya.

Har wa yau, akwai sakamakon da ya tabbata. Jiƙa zare a ruwan soda mai kimanin kashi 5 cikin 100 yana wanke maiƙo da danƙon da ke bayansa, ya sa shi kaushi, roba ta fi kama shi. Yumɓu kaɗan yana ƙara tauri, amma in ya yi yawa sai ya dunƙule, ƙarfin allo ya koma baya. An kuma san cewa zaren tsiro yakan fara lalacewa idan zafi ya doshi digiri 200, saboda haka folitin, wanda ke narkewa ƙasa da digiri 140, ya dace da shi, amma robar gorar ruwa, wadda sai ta kai wajen digiri 250 take narkewa, ba ta dace ba. Waɗannan duka ilmi ne mai amfani. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake ɗorawa a kansu.

4.0 INDA AKA YI TUNTUƁE

4.1 Wane yumɓu?

Sau da yawa rahoto yakan ce an haƙo yumɓu a wuri kaza, an shanya, an daka, an tankaɗe, shi ke nan. Ba a faɗin ko wane iri ne. Alhali kuwa yumɓu dangi ne masu hali daban-daban. Akwai kawolin, watau farar ƙasa irin wadda Ƙanƙara ta Jihar Katsina ta yi suna da ita, wadda ba ta kumbura idan ta jiƙe. Akwai kuma montmorilonait, wanda ya ci sunan wani gari a Faransa, shi kuwa yana shan ruwa har tsakanin fallayensa ya kumbura. Danginsa ne ke sa baƙar laka ta wasu fadamu ta yi sulɓi da damina, ta dare da rani. Wanda ya zuba irin wannan ɗanye a cikin kwaɓi ya ƙara wa zare abokin ƙishirwa ne. Mai ginin tukwane ba ta taɓa cewa ƙasa ƙasa ce ba. Ta san ramin da za ta je da wanda za ta wuce, kuma bai kamata mai bincike ya gaza ta ba, tun da yana da na'urar da za ta faɗa masa sunan ma'adinin da ke hannunsa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Yumɓun da Toyota ta yi aiki da shi montmorilonait ne da aka sarrafa da sinadari har ya yarda da roba, aka kuma rarrabe shi falle-falle, kaurin kowane falle kimanin nanomita ɗaya, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idan mai bincike ya tankaɗe nasa garin da rariya mai ido maikiron 75, to babbar ƙwayar da za ta wuce ta fi wancan falle kauri sau 75,000. Irin wannan ƙwaya tsakuwa ce a cikin roba, ba ta gina lungun da aka bayyana a sama yadda ya kamata. Duk da haka sai a ga an jawo bayanin aikin Japan an lulluɓa wa garin da aka daka a turmi. Garin turmi yana da nasa amfani, domin yana da araha kuma yana ƙara tauri, amma a yabe shi da abin da ya yi, kada a ara masa rigar wani.

4.2 Gwajin awa 24

Hanyar da aka fi bi wajen auna shan ruwa ita ce ƙa'idar Amurka mai lamba ASTM D570. Akan yanki ɗan guntun allo, sau da yawa mai kaurin kimanin milimita 3, a busar da shi a auna nauyinsa, a nutsar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 23 har awa 24, a goge a sake aunawa. Ƙarin nauyin shi ne ruwan da ya sha. Ƙa'idar ba ta da laifi, ita kanta ta tanadi a ci gaba da jiƙon ana aunawa lokaci-lokaci har nauyin ya daina ƙaruwa. Amma rahotanni da yawa a kwana ɗaya ko 'yan kwanaki suke tsayawa, saboda zangon karatu gajere ne kuma ɗalibi yana sauri ya gama.

A ranar farko, guntu mai yumɓu zai nuna ya sha ruwa ƙasa da marar yumɓu, domin ruwan yana cikin lungu bai iso ba. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta cewa yumɓu ya rage shan ruwa. Wanda ya yi haƙuri har kowane guntu ya ƙoshi shi ne zai iya faɗin ko ragin na gaskiya ne ko kuwa jinkiri ne. Mai gida a Bunguɗu amsar tambaya ta biyu yake bukata, tun da daminarsa ba ta kwana ɗaya ba ce.

Bugu da ƙari, dokar da Adolf Fick ya bayyana a 1855 ta nuna cewa idan aka ninka kaurin abu sau biyu, lokacin da laima za ta ɗauka ta ratsa shi yakan ninku sau huɗu. Ke nan allo mai kaurin milimita 12 zai ɗauki ninki 16 na lokacin da guntu mai milimita 3 ya ɗauka. Wannan ya nuna cewa ba shi yiwuwa a gwama adadin awa 24 na rahotanni biyu sai an san kaurin guntayensu. Ya kuma nuna wani abu da ba a cika kula da shi ba: allon da ya daɗe bai jiƙe ba zai daɗe bai bushe ba. Lungun da ya tsare ruwa wajen shiga zai tsare shi wajen fita, laimar Agusta ta kwana a cikin allo har kaka, zare ya yi fumfuna ya ruɓe a ɓoye.

Akwai kuma batun baki. Guntun da aka zuba a ma'auni yakan fito da fatar roba a bayansa, wadda ta rufe zaren. Kafinta kuwa da zarto zai yanka allo, ya huda shi da ƙusa. Duk inda ya yanka, kawunan zare sun fito fili, za su ja ruwa kamar lagwani. Rahoton da bai faɗi ko bakin guntunsa a rufe yake ko a buɗe ba ya ɓoye rabin labari.

4.3 Ƙarfi a bushe

A mafi yawan lokaci guntayen gwaji kashi biyu ake raba su. Kashi ɗaya a ja shi da inji ko a lanƙwasa shi yana bushe, a rubuta ƙarfinsa. Ɗaya kashin a jiƙa shi, a auna nauyi, a ajiye. Daga nan sai a haɗa sakamakon biyu a jimla guda, a ce allon yana da ƙarfi kuma yana jure laima. Amma allon da aka gwada ƙarfinsa bai taɓa ganin ruwa ba, wanda ya ga ruwa kuma ba a tambayi ƙarfinsa ba. Adadin da ya fi kowanne muhimmanci, watau ƙarfin da ya saura bayan an jiƙe an bushe, shi ne ba a cika samu ba.

Hausa ta riga ta raba waɗannan abubuwa da kalmomi biyu. Ƙarfi shi ne abin da abu zai iya ɗauka yau. Ƙarko shi ne daɗewarsa yana ɗauka. Mai sayen akwati ko takalmi a kasuwar Gusau ƙarko yake tambaya, haka ma mai sayen silin. Binciken da muke sharhi a kai ƙarfi yake aunawa, sa'an nan ya yi alkawarin ƙarko.

4.4 An manta da hunturu da bazara

Ɗakin gwaji yakan ajiye guntaye a ɗumin digiri 23 da laimar iska kashi 50 cikin 100. Gusau ba ta cika zama a wannan hali ba. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20, da marka ta haura kashi 70. Kamar yadda aka nuna a sashe na 2.0, kai da komowar nan tsakanin kumburi da tsukewa ita ce ke raba zare da roba, kuma jiƙo guda, kome tsawonsa, ba zai nuna ta ba.

Da bazara kuma zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano ya zarce haka. Robar da zafi ke narkarwa takan yi laushi tun kafin ta kai ga narkewa, ta riƙa saki sannu a hankali a ƙarƙashin nauyinta, silin ya yi ciki. Hasken rana shi ma yana cin roba, kowa ya ga yadda kujerar roba ko bokitin da aka bari a tsakar gida yakan koɗe ya yi gautsi. Idan fatar allo ta tsattsage haka, damina mai zuwa ƙofa a buɗe za ta tarar. Sai kuma gara, wadda abincinta salulos ne. Allo mai zaren rama da ba a gwada shi da gara ba bai shirya shiga gidan Bahaushe ba.

5.0 DARASI DAGA LASO DA MAKUBA

Abin mamaki shi ne, a ƙasar da ake wannan bincike akwai tsohon ilmin kwaɓi wanda rahotannin ba su cika waiwayarsa ba. Magini yakan zuba ramno, watau ciyawar kwaɓi, a cikin ƙasa, a tattake a bar ta ta kwana, domin ciyawar ta riƙe ƙasar kada ta dare. Wannan ƙarfafa kwaɓi da zare ke nan. Yakan jiƙa ɓawon ɗorawa ya sami makuba, ya yi yaɓe ko daɓe da ruwanta. Yanzu an san cewa makuba tana ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, irin wanda ke cikin bagaruwar majema, kuma masana a Burkina Faso sun nazarci yadda yake kama yumɓu.

Laso ya fi kowanne kama da abin da muke magana a kai. Akan kwashe katsi daga gindin karofi, a cura, a shanya, a ƙona, a dake shi ya zama gari. A haɗa shi da gashin jima, watau gashin da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Ga danƙo mai riƙewa, ga zare, ga gari mai cikawa. Ba a ce dafara ifoksi ce ba, ko katsi yumɓu ne, amma rabon aikin iri ɗaya ne. Kuma magina sun zaɓi gashi, wanda ba salulos ba ne, don haka ba abincin gara ba ne. Da laso ake shafe rufin soro, da shi kuma ake shafe cikin karofin kansa, inda ruwan baba da toka ke zama wata da watanni. Wannan jiƙo ya fi na awa 24 nesa ba kusa ba.

Marubuta a kan gine-ginen Hausawa, kamar J. C. Moughtin a littafinsa na 1985 da Z. R. Dmochowski a nasa da aka buga a 1990, sun yi babban aiki wajen bayyana fasalin gini da kayan aikinsa. Amma idonsu na masu zanen gini ne, sun siffanta sun zana, auna ƙarfi da shan ruwa ba shi ne aikinsu ba. Masu ɗakin gwaji kuma suna da ma'auni amma ba su leƙa waɗannan littattafai, balle zauren Sarkin Magina. Sai ilmin ya rabu biyu, kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

Abin da ya fi kayan haɗin muhimmanci shi ne tunanin da ke bayansu. Magini bai taɓa cewa ya hana ruwa har abada ba. Ya ɗauka cewa ruwa zai zo, sai ya shirya masa. Ya raba aiki tsakanin tubalin da ke ɗaukar nauyi da yaɓen da ke fuskantar ruwa. Ya sa indararo ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Ya bar bangon yana iya fitar da laima idan rana ta fito. Sa'an nan ya sa sabunta yaɓe kafin damina ya zama wani ɓangare na rayuwar gida. Da irin wannan kulawa ne ginin ƙasa kamar Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), ya ga damina fiye da ɗari. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan aka saɓa wa wannan tunani. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, ruwa yakan sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓantare faifai guda. Allon roba mai zare a ciki yana iya faɗawa wannan tarko.

Wannan ba kira ba ne na a koma jiya. Gidajen ƙasa suna faɗuwa da marka, kuma lokacin da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle a ƙarshen Satumba na 2006 gidaje masu yawa sun rushe. Marina suna mutuwa, katsi yana wuyar samu, itatuwan ɗorawa suna raguwa, yaɓen shekara-shekara kuma yana cin kuɗi da ƙarfi. Waɗannan dalilai su ne suka sa ake bukatar sabon abin gini. Amma sabon zai fi inganci idan ya gaji tambayar da tsohon ya saba yi: idan ruwa ya shiga, ta ina zai fita, kuma wa zai gyara?

6.0 SHAWARWARI

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba, domin akasarinsa haƙuri yake bukata fiye da injuna. Da farko, kowane rahoto ya faɗi sunan ma'adinin yumɓunsa, da girman ƙwayarsa, da ko an sarrafa shi. Na biyu, a ci gaba da jiƙo har nauyi ya tsaya, a faɗi kaurin guntu da halin bakinsa, a kuma gwada ƙarfin guntayen da aka jiƙa aka busar sau da yawa. Na uku, a fitar da allunan daga ɗakin gwaji. A kafa musu rumfuna a Gusau, da tudun Tsafe, da gefen gulbi a Bunguɗu inda danshi ya fi yawa, wasu a rana, wasu a ƙarƙashin kwano, wasu a binne gindinsu inda gara take. A bar su su ga damina biyu da hunturu biyu aƙalla, ana yankar samfur ana gwadawa. A jera su da katako da silin na kasuwa da yaɓen laso, domin a san wanda ya fi wani, a kuma faɗi kuɗin kowane allo.

Irin wannan aiki ya fi tsawon karatun ɗalibi ɗaya, saboda haka makaranta ce za ta riƙe shi, wani aji ya miƙa wa wani. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Ƙauran Namoda, suna kusa da juna yadda za su iya raba aikin, su kuma nemi haɗin kan Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978. Mu malaman kwalejojin ilmi muna da namu rabo. Ɗalibanmu 'ya'yan garuruwan nan ne, suna jin harshen magina da marina da majema. Su ne za su iya rubuta ma'aunin laso da makuba daga bakin tsofaffin da suka rage, tun kafin a neme su a rasa.

7.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa binciken kwaɓin roba da zare da yumɓu yana da tushe, kuma Zamfara tana da kayan yinsa, amma hukuncin da ake yankewa ya zarce shaidar da ake kawowa. Ba a tantance yumɓu, ana tsayar da jiƙo da wuri, ana gwada ƙarfi a bushe, ba a kuma sa hunturu da bazara da gara a lissafi. Wanda zai biya kuɗin wannan gaggawa shi ne talakan da zai sayar da amfanin gonarsa ya sayi allon da aka ce masa ba ya shan ruwa. Idan silin ya rufto masa a damina ta uku, ba zai sake yarda da wani abu da ya fito daga makaranta ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa. Magina sun ce tun ran gini tun ran zane. Lokacin gyara hanyar gwaji shi ne yanzu, tun allunan suna ɗakin bincike ba su shiga kasuwa ba.